Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma: a bar wa ɗalibai sa'a ɗaya ta junansu

Zuwa ga Magatakardan Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, Abuja, da shugabannin kwalejojin koyon aikin jinya na jihohin Arewa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya, ya aiki ya jama'a. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibitin gwamnati. Shekarata 22 a bakin aiki, fiye da rabinsu a ɗakin haihuwa. Ban taɓa riƙe alli na tsaya gaban aji ba, amma ɗaliban da kuke koyarwa wurina ake turo su idan lokacin fostin ya yi, kuma ni nake ganin fuskokinsu da ƙarfe uku na dare, lokacin da babu malami ko ɗaya a kusa. Da wannan nake ganin ina da bakin magana a kan abin da zan faɗa.

Bara da damina aka kawo mana wata baiwar Allah daga ƙauye a bayan a-kori-kura. Ta haihu a gida tun magariba, mabiyiya ta ƙi faɗowa, jini kuma ya ƙi tsayawa. Muka sa mata ruwa a hannu biyu, muka yi allurar tsayar da jini, aka tura mijin neman jini. Kafin ya dawo da leda ɗaya rai ya yi halinsa. Wata ɗaliba 'yar aji biyu ce ta riƙe hannun matar tun shigowarta, tana ce mata sannu, tana ce mata yanzu jini zai iso. Da aka gama na ce ta ja labule ta taya ni gyara gawar kafin a kai mutuware. Ta yi komai daidai, ko hannunta bai yi rawa ba. Ina da mata biyu a kan gwiwa a daren, sai na koma kansu, na manta da ita sarai.

Sai da aka kira assalatu na fita ɗebo ruwa, na tarar da ita a bayan ɗaki, gefen tanki, zaune a kan bulo. Kusa da ita wata 'yar ajin ƙarshe ce daga ɗakin yara, ta zuba mata shayi a murfin filas. Ba wata doguwar magana suke yi ba. Abin da kawai na ji babbar ta faɗa shi ne: "Ni ma tawa ta farko har yau ina tuna kalar zanenta. Sha shayin nan, ba ke kika kashe ta ba." Na juya na koma ban bari sun gan ni ba, don kunya ta kama ni. Ni ce babba a ɗakin, ni ya kamata in faɗi wannan magana, amma ko tunaninta bai zo mini ba.

Yarinyar ta dawo aiki washegari da dare. Abin da 'yar ajin ƙarshen nan ta yi babu shi a manhaja, babu wanda ya koya mata, kuma da wani ya kai ƙara da ita za a tuhuma da barin wurin aikinta. Dace kawai aka yi tana diyuti a daren, kuma tana da zuciyar yin hakan. Roƙona gare ku shi ne a daina barin wannan abu a hannun dace.

Kun fi ni sanin nauyin da ke kan ɗalibin jinya, amma bari in faɗe shi yadda ake ganinsa daga ƙasa. Wata shida na farko, lokacin horon farko na gwaji da ake kira PTS, zaman ɗar-ɗar ne, domin kowa ya san jarrabawar ƙarshensa ta tankaɗe da rairaya ce. Akwai wadda mahaifinta ya sayar da rago ko buhunan gero ya biya mata kuɗin rajista, duk garinsu an riga an fara kiranta likita. Ranar da aka liƙa sunaye a allo, idan babu nata, ita kaɗai za ta tattara akwatinta. Wadda ta tsallake, an yi bikin sa hula an kunna fitila an yi alƙawari, sai ta faɗa ɗakunan marasa lafiya: gyambon da ya yi tsutsa, ƙunar wuta a jikin yaro, wanda aka kwaso daga hatsarin mota, jijjigar mai ciki. Waɗanda suka yi fostin a Kano a 2023 sun ga yadda mashaƙo yake shaƙe yara. 'Yar shekara 18 ce fa, wadda a gida ko yankan kaza ba ta tsayawa kallo.

Ga matan aure a cikinsu, masu goyo, masu ciki, masu uwar miji da ke cewa wace irin mace ce take kwana a waje da sunan aiki. Ga maganar da har yanzu ake yaɗawa a wasu gidaje wai nas ba ta riƙe aure. Ga maza, waɗanda mu nan Arewa muna da su da yawa a wannan aiki, su kuma an riga an gaya musu tun suna yara cewa namiji ba ya kuka, don haka nasu ciwon a ciki yake ruɓewa. A saman duk wannan akwai jarrabawar Kansil, wato ta hukumarku, tana jira a watan Mayu ko Nuwamba. Wanda ya faɗi zai zauna wata shida yana kallon 'yan ajinsa sun kama aiki, yana kauce wa hanyar da zai haɗu da ƙannensa.

Lissafin ma ku kuka ba mu shi. A watan Fabrairun 2024, lokacin rigimar sabbin ƙa'idojin tantance takardu, hukumarku ta ce ma'aikatan jinya da ungozoma fiye da 15,000 sun bar ƙasar nan a 2023 kaɗai, kuma sun kai 42,000 cikin shekara uku. A 2024 ɗin kuma gwamnatin tarayya ta ce ta ɗaga adadin ɗaliban da ake ɗauka a makarantun lafiya daga 28,000 zuwa 64,000. Ban ƙi ƙarin ba, muna buƙatarsa. Amma ga yadda yake sauka a ɗakina: ɗalibai sun ninka, manyan da za su tsaya a kansu sun ragu. Daren da nake da mata shida da ɗalibai biyar, ni da abokiyar aiki ɗaya, wa zan kalla? Ko mun so ko mun ƙi, wanda ya fi kusa da ɗaliba a lokacin da abu ya same ta ɗaliba ce 'yar'uwarta. Tunda haka ne, gara a shirya su.

Me muke gaya musu yanzu? Kalma biyu ce: ki yi haƙuri, za ki saba. Ni ma su aka gaya mini, ni ma su nake faɗa. Haƙuri abu ne mai daraja, ba na wasa da shi. Amma sabon da muke nufi, idan za mu faɗi gaskiya, bushewar zuciya ce. Na ga abin da take haifarwa. Ita ce nas ɗin da ke daka wa mai naƙuda tsawa, tana ce mata lokacin da kika ɗauko cikin da ni kika yi shawara? Ba a haifi kowa da wannan bakin ba. Yarinya ce da ta ga abin tsoro sau ɗari ba ta samu wanda za ta gaya wa ba, sai ta rufe ƙofar gaba ɗaya, tausayin ma ya rasa hanyar fita. Ba zan wanke kaina ba, ni ma na taɓa yin tsawar, na koma gida na kasa cin abinci. Kuma kun san labarin wulaƙancin ɗakin haihuwa yana cikin abin da ke sa mata su gwammace su haihu a gida, a ƙasar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ita ke da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa a duniya sanadin ciki da haihuwa. Matar da na ba ku labarinta a sama, wa ya san abin da aka taɓa gaya mata, ko aka gaya wa yayarta, har ta zauna a gida tun magariba?

Akwai kuma waɗanda ba tsawa suke yi ba, shiru suke yi. Barci ya ƙaurace musu, su fara da ƙwayar barci. Na taɓa aiki da wani haziƙin matashi da ya ƙare a kan allurar kashe zafi da muke kullewa a kabad. Duk abokansa sun lura tun yana makaranta. Babu wanda ya san wurin da zai kai maganar ba tare da an kore shi ba, sai kowa ya ja bakinsa.

Juriyar da nake nufi ita ce mutum ya ga abin da ya girgiza shi, ya girgizu, ya samu inda zai sauke, ya dawo gobe da zuciyarsa a raye. Wannan kuwa ba a koyar da ita da lacca. Na ga an gayyato baƙo ya yi wa ɗalibai 300 jawabin awa biyu a kan yadda ake sarrafa damuwa, aka raba lemo aka watse. Ba ta hana kowa kuka a banɗaki ba.

Kada wani ya ce baƙon abu na ɗauko. Mu da muke alfahari da Rufaida al-Aslamiyya, wadda aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu a tantinta bayan yaƙin Khandaƙ, mun san ba ita kaɗai take aikin ba, da mata 'yan'uwanta take yi. Nana Asma'u 'yar Shehu, da ta ga ba za ta iya zuwa kowane ƙauye ba, sai ta kafa 'Yan Taru: a zaɓi mace mai hankali daga cikin matan gari, a naɗa ta jaji da malfa, ta zo ta koya ta koma ta koyar da na kusa da ita. Iyayenmu mata suna da ƙanwar rana, babba ta ɗauki ƙarama wadda ba danginta ba ta riƙa jan ta a jiki, tana ba ta shawara tana rufa mata asiri. A tsangaya ma gardi ne ke biya wa ƙolo karatu kafin ya kai gaban malam. Da aka ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, ai wannan ake nufi. Makarantunmu na kwana ne suka karɓi al'adar suka juya ta kife, ta koma siniya ta sa juniya wanki da ɗebo ruwa.

A wasu ƙasashe an gwada abin a tsare. A Harare ta Zimbabuwe, wani likitan ƙwaƙwalwa, Dixon Chibanda, ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar asibitin unguwa suna sauraron masu fama da abin da mutanen can ke kira yawan tunani, sunan da mu ma muke kiransa. A 2016 aka wallafa sakamakon gwajin, ya nuna waɗanda suka zauna da tsofaffin nan sun samu sauƙi fiye da waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba. A asibitin Johns Hopkins na Amurka, tun 2011 suke da ma'aikatan sa-kai da abokin aiki zai iya kira a kowane lokaci idan wani mummunan abu ya faru a hannunsa. Idan kakar da ba ta yi karatun likita ba za ta iya koyon sauraro, 'yar ajin ƙarshe da ta karanta darasin lafiyar ƙwaƙwalwa ta yi fostin a asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa ko na Kware ai ta fi sauƙin koya.

Ga abin da nake roƙo, kuma ba ya cin kuɗin gini. A sa sa'a ɗaya a kowane mako cikin jadawalin karatu, a rubuce, yadda babu malamin da zai cinye ta da biyan bashin lacca. A cikinta ɗalibai su zauna rukuni-rukuni, mutum shida zuwa takwas, a gauraya azuzuwa, mata daban maza daban idan haka ya fi musu sakewa. Kada malami ya shiga. Na nanata wannan domin na san halinmu: da zarar mai ba da maki ya zauna a ɗaki, kowa zai ce lafiya lau, alhamdulillahi. Kada a yi rajistar abin da aka faɗa, kada a ba shi maki. Ranar da aka mai da shi darasin da ake jarrabawa a kai, ranar ya mutu.

Kowane sabon ɗalibi, tun makon da ya shigo PTS, a haɗa shi da wani na gaba da shi. Amma kada a ce duk siniya ta cancanta. A nemi masu so, a tambayi ƙananan wa suke sakewa da ita, domin su suka san wadda ke da kunne da wadda ke da baki. Sau da yawa ba mai zuwa ta ɗaya a aji ba ce. Wadda ta taɓa faɗuwa ta maimaita, ta san ɗacin ganin allo babu sunanta, ita ce ta fi iya zama da mai irin wannan ciwo, kuma ba ta wannan aiki yana mai da mata da mutuncinta.

Waɗanda aka zaɓa a ba su horon kwana biyu ko uku. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da ɗan littafin taimakon farko ga wanda ya shiga tashin hankali, da ta fitar a 2011, kuma ginshiƙansa uku ne kawai: duba, saurara, sada shi da mai taimako. A koya musu yin shiru. A koya musu kada su yi saurin cewa ai ƙaddara ce tun mai magana ba ta gama ba. Gaskiya ce ƙaddara ce, kuma za a zo wurin, amma idan aka faɗe ta da wuri tana zama murfi. A koya musu riƙe sirri, domin hostal wuri ne da magana ke da ƙafa, kuma labari ɗaya ya fita shi ke nan an gama. Sannan a koya musu inda sirri yake tsayawa: wadda ta ce ta gaji da rayuwa, wanda ya fara taɓa ƙwaya, wadda wani malami ko ma'aikaci ya matsa mata da neman lalata. Waɗannan sun fi ƙarfin ɗaliba. Dole kowace kwaleji ta samu babba guda, sananne, wanda ba ya duba jarrabawar kowa, wanda za a kai wa irin wannan magana, kuma kaiwar ta zama hanyar magani kafin a yi zancen ladabtarwa. Tun Janairun 2023 aka sa hannu a kan dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Bai kamata makarantun lafiya su zama na ƙarshe wurin aiki da ruhinta ba. Masu sauraron nan su ma a riƙa tara su duk wata ana jin nasu, kada a mai da su jakin kowa.

Mu ma da ke ɗakunan marasa lafiya akwai namu. Idan an yi mutuwa ko wani abu mai firgitarwa a gaban ɗalibai, a wajabta mana mu ba su minti goma sha biyar bayan miƙa aiki su zauna tare kafin su watse. Babba ta faɗa musu abin da ya faru a likitance, me aka yi, me ya gagara, domin rabin azabar ɗaliba zargin kai ne: da na kira sista da wuri, da na lura da bugun jini. Daga nan ta fita ta bar su.

Ina da tsoro guda, kuma gara in faɗe shi da kaina. Kada wannan tsari ya zama mayafin da za a lulluɓe gazawa da shi. Ɗakin kwanan da aka yi don mutum huɗu aka cusa goma, famfon da ba ya kawo ruwa, ɗalibar da aka bar wa ɗaki guda ita kaɗai da dare saboda babu ma'aikata, siniyar da ke sa ƙanana tsallen kwaɗo, duk waɗannan babu zaman rukunin da zai warkar da su. Idan aka ce wa yaro ya koyi juriya alhali abin da ke cinsa gyaruwa yake yi, an cuce shi sau biyu. Shi ya sa nake so jagororin rukunin su samu damar kai koken gama-gari gaban shugaban kwaleji sau ɗaya a zango, ba tare da ambaton sunan kowa ba, kuma a ba su amsa. Haka nan kada a mai da su 'yan leƙen asirin hukumar makaranta. Ɗalibai suna gane ɗan rahoto tun daga tafiyarsa.

Na san wasu abokan aikina za su ce a zamaninmu wa ya yi mana haka, ga shi mun zama mutane. To, mu da muka rage ne muke wannan magana. 'Yan ajinmu da suka tafi hutu ba su dawo ba, babu wanda ya je jin ta bakinsu.

Dalilin da ya sa na rubuto wa hukuma maimakon in tsaya a kan kwaleji ɗaya shi ne abin da na gani da shirin Women for Health, wanda gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2012 zuwa 2020 a Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe, daga baya har da Borno. Ya kawo 'yan mata daga ƙauyuka ta hanyar shekarar share fage, ya sa an yi wuraren renon yara don ɗalibai masu goyo. Ya nuna mana cewa idan aka kula da rayuwar ɗaliba a wajen aji, tana tsayawa ta gama. Amma duk abin da ya rataya a kan kuɗin baƙo ko kirkin shugaba guda, ranar da suka tafi yana iya bin su. Abin da yake dawwama a makarantunmu shi ne wanda ke cikin takardar tantancewarku. Idan tawagarku za ta zo, har fenti ake yi. Kuna ƙirga littattafan laburare, da gadajen ɗakin gwaji, da yawan malamai. Ku ƙara layi ɗaya. Ku nemi ganin sa'ar nan a jadawali, sannan ku ja ɗalibai uku gefe, ba waɗanda makaranta ta zaɓo muku ba, ku tambaye su: ranar da mara lafiya ya fara mutuwa a gabanki, wa kika gaya wa?

Tun daren nan na damina na fara wani ɗan abu a ɗakina. Akwai wani ƙaramin sito da muke ajiye ledojin ruwa, na sa benci a ciki. Idan dare ya yi muni, bayan miƙa aiki nakan tura ɗalibai can su zauna kwata ɗaya, in ja musu ƙofa. Wani lokaci in ji kuka, wani lokaci dariya, wani lokaci shiru har su fito. Kwanan baya wata babba a wurin aiki ta tarar da su, ta tambaye ni wa ya ba da izinin ɗalibai su zauna hira a lokacin aiki, a wace takarda aka rubuta. Ban da abin da zan nuna mata. Takardar nan nake roƙo ku rubuta.

Allah ya taya ku riƙo, ya sa ku gama lafiya.

Wassalam,
taku mai biyayya,
wata ma'aikaciyar jinya daga ɗakin haihuwa.